WAYEWAR RUHANIYA: MECE CE ITA, ANA KUWA SAMUNTA?

  Karatunmu yana cikin Bishara ta hannun Markus, sura 8, daga aya 22 zuwa 33. Muna roƙon kowa ya buɗe ya karanta kafin ya ci gaba. Wanda bai iya karatu ba, ya sa ɗansa ko maƙwabcinsa ya karanta masa.

Akwai wata tambaya da take yawan zuwa mana a kwanakin nan. Matasanmu da suke zuwa Kano, ko Bauchi, ko Jos don makaranta ko cin rani sukan dawo da ita. Waɗansu a wayar hannu suka ji ta, a Facebook ko TikTok, inda wani zai fito ya ce shi ya waye a ruhaniya, idonsa na ɓoye ya buɗe, in ka aika masa da kuɗi kuma zai nuna maka hanya. Waɗansu kuwa dattawa ne, iyayenmu maza da mata da suka yi shekara talatin ko arba'in suna bin Ubangiji, ba su taɓa ganin wahayi ba, ba su taɓa jin wata murya ba, har zuciyarsu ta fara raya musu cewa watakila har yanzu cikin duhu suke. Tambayarsu duka ɗaya ce. Mece ce wayewar ruhaniya? Mutum yana iya samunta kuwa?

Batun nan ba na wasa ba ne. Wanda ya fahimce shi a karkace, ko dai ya sayar da akuyarsa ya bi mayaudari, ko kuwa ya zauna cikin baƙin ciki yana shakkar cetonsa.

MA'ANAR KALMAR

Bari mu fara da Hausarmu. Mukan ce gari ya waye. Da dare, hanya tana nan, rijiya tana nan, maciji ma yana nan kwance a bakin hanya. Wayewar gari ba ta kawo ko ɗaya daga cikinsu ba, ta dai sa muna ganinsu. Wanda ya taɓa zuwa Dutsen Habude ko Dutsen Mesa a Birnin Kudu ya ga zanen shanun da mutanen dā suka yi a jikin dutse. Zanen nan ya yi ɗaruruwan shekaru a wurin. Amma in ka je da tsakar dare ba fitila, sai ka rantse dutse ne kawai. Da gari ya waye kuwa, ga shanu da ƙahoninsu.

Mukan kuma ce kan wane ya waye, wato ya yi karatu, ya zaga duniya, ya san yadda ake shiga ofis, ba a cutarsa a kasuwa. Wannan wayewar kai ke nan, abu ne mai kyau kuwa, gama Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Wayewar ruhaniya ita ce wayewar gari a cikin zuciya. Wato Allah ya buɗe idon zuciyar mutum har ya ga gaskiyar da take nan tun dā, gaskiya game da Allah, da game da kansa, da game da maƙwabcinsa. Mutum yana iya samun wayewar kai bai sami wannan ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba kuma tana iya samunta.

YADDA 'YAN ADAM SUKA NEME TA

Ba mu kaɗai muke wannan tambaya ba. A ƙasar Indiya, wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu, wani ɗan sarki mai suna Gotama ya bar gidan sarauta domin ya gane dalilin wahalar duniya. Ya yi shekara 6 yana horon jikinsa da yunwa, daga baya ya zauna a gindin wani itace a wurin da ake kira Bod Gaya yana zurfin tunani, har ya ce ya farka. Shi ya sa mabiyansa suke ce da shi Buda, wato wanda ya farka. Koyarwarsa ita ce mutum da kansa zai kashe sha'awar zuciyarsa ta wurin horo da tunani.

A ƙasashen Turai kuwa, ƙarni na 18 ne ake kira zamanin wayewa. A shekarar 1784 wani masani Bajamushe mai suna Kant ya rubuta cewa wayewa ita ce mutum ya daina jingina ga wani, ya yi ƙarfin halin yin aiki da hankalinsa. Ilimi ya haɓaka ƙwarai, muna cin amfaninsa har yau a asibiti da makaranta. Duk da haka a Turan nan ne yaƙin duniya ya tashi a 1914, ya sāke tashi a 1939. Ashe kai yana iya wayewa zuciya tana cikin duhu.

A nan gida, maƙwabtanmu Musulmi mabiya ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna maganar ma'arifa, wato sanin Allah a zuci, suna nemanta ta wurin zikiri da wuridi da halwa a ƙarƙashin jagorancin shehi. Kakanninmu kuma sukan je wurin boka ko 'yan bori domin a gano musu abin da ke ɓoye.

Ba mu kawo waɗannan don mu yi wa kowa ba'a ba. Mun kawo su ne domin mu ga ƙishin nan na kowa ne. Ɗan adam ya sani a ransa akwai abin da ya kamata ya gani wanda ba ya gani. Yanzu sai mu duba amsar da Maganar Allah ta ba mu, mu masu bi.

CIWON A IDO YAKE

Littafi Mai Tsarki ya koya mana hasken ya riga ya zo. A Yahaya sura 8, aya 12, Yesu ya bayyana cewa shi kansa ne hasken. Ba a ɓoye shi a wani kogo ba, ba a kuma ajiye shi don 'yan ƙungiyar asiri ba. Manzo Bulus kuwa, a Korantiyawa ta Biyu sura 4, ya nuna inda matsalar take. Zunubi da Shaiɗan sun makantar da hankalin mutum, har ba ya ganin ɗaukakar Almasihu ko da tana gabansa.

Duk mun san yanar ido. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama, wajen 4 cikin 100 makafi ne, yanar ido ce kuma ta makantar da wajen 43 cikin kowane makafi 100. A cikin ido akwai wani abu kamar ɗan gilashi garau wanda haske yake ratsawa. Da tsufa ko ciwo sai ya yi fari kamar nono, haske ya kasa wucewa. Dattijon da wannan ya same shi yana iya zama a ƙofar gidansa da tsakar rana a watan bazara, rana tana dukansa, yana jin zafinta, amma ba ya ganin jikansa. Ko an kunna masa fitila goma ba za ta amfane shi ba. Hasken bai gaza ba, idon ne ya rufe.

Ga kuma abin lura. Ba wanda yake cire wa kansa yanar ido. Ko shi ne babban likitan ido na duniya, sai ya kwanta wani ya yi masa aiki. Tun shekarar 1943 da mishan na SIM suka buɗe Asibitin Ido na Kano, wanda yake hannun ECWA, mutane suke zuwa daga nesa ana jan su da sanda, a cire musu yanar, su koma gida da ƙafarsu. A yau likita yakan cire abin da ya yi fari ya sa wani sabo garau a gurbinsa. Aikin majiyyaci shi ne ya yarda ba ya gani, ya zo, ya kwanta, ya bi umarni.

Haka wayewar ruhaniya take. Aikin Allah ne ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Bulus ya kwatanta ta da ranar farko ta halitta, sa'ad da Allah ya umarci haske ya fito daga cikin duhu. Duhu bai taimaka masa da kome ba.

ME MUTUM YAKE GANI?

Da farko yakan ga Yesu yadda yake. Da yawa cikinmu mun tashi muna jin labarinsa a makarantar Lahadi, mun haddace ayoyi, mun iya waƙoƙi. Amma akwai ranar da labarin gicciye yakan daina zama labarin mutanen dā, mutum ya gane saboda shi ne aka yi. Gani ya kori ji. Almajiran nan biyu na hanyar Imuwasu, a Luka sura 24, sun yi tafiya mai nisa tare da Yesu suna hira da shi ba su gane shi ba, sai da ya gutsuttsura gurasa a gabansu.

Na biyu yakan ga kansa. Mace ta share ɗakinta da asuba ta ce ya yi tsaf. Da hantsi ya yi, hasken rana ya shigo ta taga, sai ga ƙura tana yawo. Annabi Ishaya da ya ga ɗaukakar Ubangiji a Haikali, abin da ya fara tunawa shi ne ƙazantar bakinsa. Bitrus da ya ga kifin da suka kama bisa ga maganar Yesu, ya fāɗi a gabansa yana shaida shi mai zunubi ne. Saboda haka duk wayewar da ta sa mutum ya ɗaga kafaɗa yana raina 'yan'uwa, to, daga wani wuri ta fito.

Na uku yakan ga maƙwabcinsa. Wasiƙar Yahaya ta Fari sura 2 ta faɗa a fili cewa mai ƙin ɗan'uwansa har yanzu a duhu yake, kome yawan da'awar haske da yake yi. Wanda idonsa ya buɗe yakan ga surar Allah a jikin matarsa, da almajirin da ya tsaya a ƙofarsa, da makiyayin da suka yi cacar baki a kan gona bara.

TO, ANA SAMUNTA?

Amsa ita ce, i, ana samunta. Amma sai mu lura da yadda ake samunta. Karɓarta ake yi kamar kyauta. Ba a sayenta, ba a kuma ƙwatarta da ƙarfin azumi ko yawan tunani.

A Ayyukan Manzanni sura 8 an ba da labarin Saminu mai sihiri a Samariya, wanda jama'a suke ɗauka babban mutum ne. Da ya ga yadda mutane suke karɓar Ruhu Mai Tsarki, sai ya miƙa wa manzanni kuɗi domin su sayar masa da ikon. Bitrus ya tsawata masa da zafi, ya ce masa ya tuba. 'Yan'uwa, irin Saminu ba su ƙare ba, waɗansu ma da Littafi Mai Tsarki a hammata suke yawo. Duk wanda ya sa wa haske farashi, ko ya ce sai ka sayi ruwansa ko mansa, ko ya ce akwai wani matakin asiri da ba a faɗa wa fasto ko iyaye, ku guje shi. Bulus ya gargaɗe mu cewa Shaiɗan ma yakan yi shigar mala'ikan haske.

A nan ma yanar ido tana da abin koya mana. Akwai masu maganin gargajiya da suke bin ƙauyuka suna aikin ido. Sukan soka tsinke mai kaifi a gefen ido su ture yanar ta fāɗa can ciki. Nan take haske ya shiga, mutum ya yi murna ya ce ya gani, a biya mai magani ya ƙara gaba. Amma yanar ba ta fita ba, tana ciki. Da yake ba a sa kome a gurbinta ba, ganin dishi-dishi ne, sau da yawa kuma ciwo yakan biyo baya har idon ya mutu gaba ɗaya. Sa'ad da hakan ta faru, mai maganin ya riga ya kai wani gari. Wayewar ƙarya ita ma takan ba da wani abu da farko, jiki ya yi rawa, hawaye su zubo, mutum ya ji daɗi. Amma zunubin yana nan ciki, an ture shi ne kawai.

BA HANYA ƊAYA ALLAH YAKE BI DA KOWA BA

Yanzu bari mu yi magana da iyayenmu da suke damuwa don ba su ga wahayi ba. Gaskiya ne Shawulu ya ga haske daga sama a hanyar Dimashƙu, ya fāɗi ƙasa, ya yi kwana 3 ba ya gani, sai da Hananiya ya zo ya ɗora masa hannu. Amma ku duba Lidiya, mai sayar da tufafi masu tsada a Filibi. Tana zaune a bakin kogi tare da waɗansu mata tana sauraron wa'azi, Ubangiji ya buɗe zuciyarta, shi ke nan. Ba tsawa, ba walƙiya. Ku duba Timoti kuma, wanda ya san Littattafai tun yana yaro a hannun uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis. Ba a faɗa mana wata rana ko sa'a da ya waye ba.

Agustin, ɗan Afirka, wanda aka haifa a shekarar 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya yi wajen shekara 9 yana bin wata ƙungiya mai yawan maganar haske da ilimin asiri, bai sami hutawa ba. Uwarsa Monika tana ta addu'a dominsa. A shekarar 386, a birnin Milan, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura 13 ya karanta 'yan ayoyi, shakkarsa ta gushe. Aka yi masa baftisma a 387. Abin da asiri bai ba shi ba cikin shekara 9, ya same shi a littafin da yake buɗe ga kowa.

Akwai kuma misali na kusa da mu. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa yana nazarin abin da aka faɗa game da Annabi Isa, yana koya wa almajiransa. Saboda koyarwarsa aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, waɗansu suka nufi wajen ƙasar Ningi, nan kudu da mu. Ba su da Linjila da Hausa, gama cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba sai a 1932. Ɗan abin da suka sani suka riƙe, suka koya wa 'ya'yansu, suna jira. A shekarar 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila na mishan ɗin CMS a Zariya, suka ji Bishara, suka ba da gaskiya. Aka kafa musu zango a Gimi. Ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu a can, sauran suka koma Zariya, daga baya aka koma Wusasa a 1929. Ba dukan Isawa ne suka zama Kirista ba, waɗansu sun ci gaba da bin tafarkinsu. Abin da muke so mu lura da shi shi ne, tsakanin mutuwar malamin da ranar da jikokin almajiransa suka ji Bishara an yi shekaru da dama. Allah bai manta da masu nema ba, bai kuma yi gaggawa ba. Bayan sun gani ɗin ma, wahala ba ta ƙyale su ba.

BA TA CIKA A WANNAN DUNIYA

Yanzu mu koma ga karatunmu. An kawo wa Yesu wani makaho a Betsaida. Ya kama hannunsa ya fitar da shi bayan gari, ya taɓa idanunsa, ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin ya amsa cewa yana hangen mutane, amma ba ya bambanta su da itatuwa sai don suna motsi. Yesu ya sāke ɗora masa hannu, sa'an nan ya ga kome sarai. A cikin dukan Bishara huɗu, wannan ce kaɗai warkarwar da aka nuna Yesu ya taɓa mutum sau biyu kafin ta cika. Ikonsa ne ya gaza? Ko kaɗan. Ku karanta abin da ya biyo baya.

Nan da nan Markus ya kai mu hanyar Kaisariya Filibi, inda Bitrus ya shaida cewa Yesu ne Almasihu. Idonsa ya buɗe ke nan. Amma da Yesu ya fara maganar shan wuya da mutuwa, Bitrus ɗin nan ya ja shi gefe yana kwaɓarsa, har Yesu ya tsawata masa. Ashe Bitrus yana gani, amma dishi-dishi. Ya ga Sarki, bai ga gicciye ba. Yana bukatar taɓawa ta biyu, da ta uku, har bayan tashin Yesu daga matattu, har a gidan Karniliyas inda ya gane Allah ba ya tara.

Mu ma haka muke. Ku lura, a Afisawa sura 1 Bulus yana addu'a Allah ya haskaka zukatan mutanen da sun riga sun ba da gaskiya. Shi kansa, wanda ya ga haske a hanyar Dimashƙu, ya rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku bayan shekaru masu yawa cewa bai kai ba tukuna, yana dai nacewa gaba. Ya kuma gaya wa Korantiyawa cewa saninmu na yanzu ɗan kaɗan ne, cikakken gani sai ranar da muka tsaya a gaban Ubangiji. In Bulus bai kai ba, wane ne wannan da yake cewa a wayar hannu shi ya gama?

Littafin Karin Magana sura 4 ya kwatanta tafiyar adali da fitowar rana. Manomi ya san wannan. Akwai alfijir, sa'ad da kake iya ganin hanya amma ba ka bambanta gero da dawa daga nesa. Akwai hudowar rana, akwai hantsi, akwai tsakar rana. Wanda yake cikin alfijir ba ya cikin dare. Kada ya ce shi makaho ne don rana ba ta take ba. Kada kuma ya koma ya kwanta ya ce ai ya ga iyakar haske.

YAYA ZA MU GANE, ME KUMA ZA MU YI?

Likita ba ya tambayar majiyyaci irin daɗin da ya ji lokacin aiki. Yakan kwance bandejin ya ɗaga yatsunsa ya ce, nawa ne? Bari mu ma mu gwada kanmu da abin da yake a fili. Zunubin da dā muke yi muna dariya, yanzu yana damunmu? Mudun da muke awo da shi ranar kasuwa, daidai yake da wanda muke saye da shi? Mun iya zuwa gidan wanda muka ɓata wa mu ce ya yafe mana? Maƙwabtanmu da ba sa zuwa majami'a, za su iya ba mu ajiya su yi barci? In muna ganin waɗannan suna tsirowa, ko da kaɗan kaɗan ne, to, gari ya fara wayewa, ko mun yi mafarki ko ba mu yi ba. In kuwa babu ko ɗaya, wahayi ɗari ba zai amfane mu ba.

Ko da yake ba mu muke buɗe idonmu ba, akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Makahon Betsaida bai warkar da kansa ba, amma ya yarda aka kawo shi, ya miƙa hannu aka ja shi, ya kuma faɗi gaskiya da aka tambaye shi. Da ya ji kunya ya ce yana gani sarai, da haka zai ƙare kwanakinsa yana gaishe da itatuwa. Saboda haka sai mu faɗa wa Ubangiji gaskiyar halinmu cikin addu'a. Mu riƙa karanta Maganarsa kowace rana, ko mu saurara a karanta mana. Kada mu bar taron sujada, da addu'ar safe, da zumunta, gama waɗansu ne suka kawo makahon nan wurin Yesu, mu ma muna bukatar juna. Mu kuma yi biyayya da ɗan hasken da muke da shi. Mai tafiya da fitilar ƙwai da dare ba ya ganin gida daga inda yake, taku biyu uku kawai yake gani. In ya taka su, sai fitilar ta nuna masa na gaba. In ya tsaya yana jiran ya ga dukan hanya, a nan zai kwana.

Matasa, kada ku raina majami'ar ƙauyenku don wani ya yi muku alkawarin abin da ya fi. Ku yi karatu, kanku ya waye, muna alfahari da ku. Amma in wata koyarwa ta ruɗe ku, ku kawo ta wurin fasto ko dattawan ikkilisiya a auna ta da Littafi Mai Tsarki. Gaskiya ba ta tsoron rana. Iyayenmu kuma, ku kwantar da hankalinku. Yesu ya yi wa Uba godiya, a Matiyu sura 11, domin ya bayyana al'amuransa ga marasa wayo kamar 'yan yara. In kun dogara ga Almasihu, kuna ƙin zunubi, kuna ƙaunar 'yan'uwa, idonku a buɗe yake. Sauran ganin yana zuwa, gama an yi mana alkawari a ƙarshen Wahayin Yahaya cewa a birnin Allah dare ba zai ƙara yi ba.

Wanda kuma ya karanta wannan ya ga shi bai taɓa zuwa wurin Likitan ba, ƙofa a buɗe take yau. Ba a biyan ko kwabo.

BARI MU YI ADDU'A

Ya Ubangiji Allah, Ubanmu na Sama, muna yi maka godiya domin ka aiko da Ɗanka Yesu Almasihu ya haskaka mu. Mun yarda ba mu iya buɗe idanunmu da kanmu ba. Ka ɗora mana hannunka, ka sāke ɗorawa, har mu gan ka sarai. Ka tsare 'ya'yanmu daga masu cinikin haske na ƙarya. Ka ta'azantar da tsofaffinmu masu shakka. Ka sa zamanmu da maƙwabtanmu a Fagam da kewaye ya zama na gaskiya da salama, domin su ga aikinka a cikinmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.